Na Ƙirga Masu Tafiya a Ƙasa

Litinin, 7 ga Yuli

Yaya, ki yi haƙuri na yi rubutu a bayan littafin aikinki. Na san ban kai ba. Ba kuma zan nuna miki ba.

Yau kwananki biyar a asibiti. Zazzaɓin bai sauka ba, kuma kin kira ni da sunan Umma. Na tsaya ina kallon ledar ƙarin ruwa. Ban ji komai ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Na karanta takardar da jami'arku ta ba ki. Cikin ɗalibai masu yawa, ku shida aka ɗauka binciken dogon hutu. An sa kyamara a saman danjar mararrabar kasuwa, tana ƙirga motoci don danjar ta riƙa canza wuta da kanta. Aikinki ki ƙirga da hannu, daga ƙarfe bakwai zuwa tara, a gwada da na kyamarar. Wanda ya yi sati biyu bai tura lissafi ba, za a ba wani gurbinsa.

Shekara guda kina maganar gurbin nan.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na je mararrabar. Na ce wa Umma darasin hutu zan je.

Na tsaya gefen rumfar mai faci. Kara huɗu, na biyar ya ratsa, yadda aka koya mana a aji. Akwai layin mota, na bas, na babur, sai na "sauransu". Mai facin ya tambaya ko gwamnati ce ta turo ni, ya ce in rubuta cewa bencinsa ma ya tsufa. Ya ba ni shi na zauna.

Na tura da wayarki, da sunanki.

Asabar, 12 ga Yuli

Haka dai. Ƙafata ta yi tsami.

Talata, 15 ga Yuli

Akwai wata tsohuwa mai sanda. Sau uku tana sauko da ƙafa kan titi tana mayarwa. Minti shida kafin ta tsallaka. Na sa mata kara ɗaya.

Kin sha ruwa cokali biyu.

Alhamis, 17 ga Yuli

Saƙo ya shigo daga Dakta, malamar da ke kula da aikinki. Lissafinki ya kusa ninka na kyamara. Ta ce ki zo gobe.

Juma'a, 18 ga Yuli

Na sa kayan makaranta, ban san dalili ba. Ofishinta ƙarami ne, da allo mai nuna mararrabar. Kowace mota da ɗan akwati kore a kanta. Mutane kuwa ba komai.

Na faɗa mata duka, idona a kan takalmina. Ta tambayi me nake zubawa a "sauransu". Na ce duk wanda ya tsallaka. Ta ce layin na amalanke ne da keke, ba na mutane ba. Ta daɗe tana juya shafukan.

"Ke 'yata, da kun kira ni ranar farko, da magana ɗaya ce. Yanzu an turo aikin wani da sunanta. Dole in kai maganar gaban shugabannin sashe."

Na ce ba ki sani ba, ko ni ba kya gane ni. Ta rubuta. Da zan fita ta tambayi minti nawa mutum ke jira kafin ya tsallaka. Na ce wani shida.

A bas na ƙirga kujeru. Goma sha takwas.

Laraba, 23 ga Yuli

Sun yanke hukunci. Gurbin wannan hutun ya wuce ki, an ba wani. Amma ba su sa miki laifi ba, kuma gurbinki na baɗi yana nan. Umma ta ji komai. Ba ta yi faɗa ba, ta ce dai ni zan faɗa miki da bakina.

Juma'a, 25 ga Yuli

Jiya kin gane ni. Kin ce na yi baƙi, ina nake yawo? Na ce gobe.

Da safe na tsinci kaina a mararraba, alhali ba wanda ya aike ni. Mai faci ya ce ashe ba a kori gwamnati ba. Ban ƙirga mota ko ɗaya ba. Na ja sabon layi na mutane, da minti a gefe. Na ɗan duba tsarin karatun sashenku a wayarki. Dubawa kawai.

Anjima zan faɗa miki. Saura shafi goma sha ɗaya. In ba ki karɓe littafin ba, Yaya, ki bar ni in ƙara rubutawa.