Kafin Baba Ya Dafa Alƙur'ani

Fagge, Kano
Daminar 1956

Zuwa ga Raliat, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da nake nufa idan rana ta take, malamar yara kuma malamar zuciyata.

Gaisuwa mai tarin yawa, da ƙaunar da ta fi ƙarfin takarda. Ki yi haƙuri da rubutun nan, kin san hannuna ba haka yake ba. Ni da alƙali yake yabon rubutuna a gaban mutane, yau ga shi ya koma kamar na ɗan aji ɗaya. Tsoro nake ji, Raliat, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na ba Malama Ifeoma, abokiyar aikinki, ta miƙa miki wannan a makaranta, domin ba takardar da za ta shiga gidanku ba ce.

Kin ce in ba ki labarin waɗanda muka gama Makarantar Shari'a tare. To, kowa ya kama gabansa. Dabo ya bar mana shari'a, an tura shi Sudan koyon aikin malanta, ya rubuto yana kukan zafi, sai ka ce ba a Kano aka yanke masa cibiya ba. Fatai yana rubutun kotu a Jos, ya yi aure, an ce har ya fara ajiye tumbi. Gumsu taku ta makarantar horon malamai mata ta koma Barno, an ba ta 'yan mata tana koya musu lissafi da ɗinki. Ke kuma ga ki da ajinki na kanki a Sabon Gari, kina sa yaran da kowannensu da yarensa su yi tsit da kallo ɗaya. Ni aka ce na fi kowa sa'a. An bar ni a gida, an naɗa ni muhuti, wato mai taimaka wa alƙali, ina zama a gefen buzunsa. Ranar da aka gaya mini, da gudu na zo gidanku, don Baba, mahaifinki, ya ce ba za a sa mana rana ba sai na kama aiki. Yau kuwa ina ma ni aka tura Sudan!

Kin tuna daminar da katangar bayan gidanku ta faɗi? Ni ba zan manta ba, don ta wannan giɓin na fara ganinki, kina jan ruwa a rijiyar maƙwabtanku, kin ɗaure ɗankwali irin naku mai tsayi, kina yi wa guga faɗa wai ya cika nauyi. Ni ɗalibi mai ji da kai, wanda ko tsintsiya ba ya ɗauka a gidansu, sai ga ni na naɗe hannun riga ina yi wa magini dakon tubali kyauta. Kika kawo mana ruwa a kwanon sha, kika dubi tafin hannuna da ya yi bororo, kika ce malamai ma ashe suna da amfani. Wayyo, wannan dariya taki! Da ita na yi guzurin sauran shekarun karatuna, ita ce ta zauna mini tsakanin layukan kowane littafi. Wa ya taɓa shan ruwa mai daɗin na ranar nan?

Amma idon da ya gan ki ya ga wani abu kuma. Maigidan can, marigayi Jimoh, yana Kumasi fataucin goro a lokacin, gidansa a rufe. Na ga tsohon tushen katanga, na kuma ga inda Baba ya sa magini ya ja igiyarsa. Da aka gama gini, rijiyar da take gidan Jimoh ta koma cikin gidanku. Na ɗauka sun yi magana tsakaninsu, don me ya haɗa ɗan dako da iyakar gidajen manya?

Yanzu Inna Silifat, matar marigayin, ta dawo da marayunta, ta kawo ƙara kotunmu. Magini ya rasu. Maƙwabta kowa ya ce bai tuna ba. Baba ya ce katanga tana inda kakanni suka bar ta. A shari'a, idan mai ƙara ba shi da shaida, wanda aka yi ƙara ne zai rantse, magana ta mutu. Alƙali ya yanke cewa ranar Juma'a bayan la'asar Baba zai yi alwala a masallaci ya dafa Alƙur'ani. Kin san aikin wa ne ya ɗauki Littafin, ya buɗe, ya riƙe, ya faɗi kalmomin mai rantsuwa yana maimaitawa? Aikin muhuti ne, ƙaunatacciyata. Aikina ne.

Jiya na gamu da Baba wajen kantin takalma na Bata. Na durƙusa zan gaishe shi, ya ɗago ni da fara'a, ya dafa kafaɗata a gaban abokan cinikinsa ya ce, "Ku ga ɗana, shi zai riƙe mini Littafin ranar Juma'a." Suka yi ta sa mini albarka. Ni kuwa na zame na nufi gindin wata bishiya na zauna.

Mutanen Fagge suna cewa wanda ya rantse a kan ƙarya don cin haƙƙin marayu ba ya ganin damina mai zuwa. Malamanmu ba su koya mana haka ba, sun ce hukuncin na Allah ne, in ya so ya gaggauta, in ya so ya jinkirta har can. To, wanne ne mai sauƙi a ciki? Ina rufe ido sai in ga hannun Baba, hannun da yake gutsuro mini goro, hannun da nake fata ya ba ni ke, yana saukowa a kan shafin da na buɗe. Yaya zan yi in faɗi kalmomin? Da wane baki zan kira ki matata bayan na raka mahaifinki bakin rami na riƙe masa fitila? Wataƙila ma ya faɗa wa kansa maganar har ya yarda da ita. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Akwai hanya ɗaya, kuma ita ma mai ɗaci ce. A irin wannan shari'a, shaida ɗaya da rantsuwar mai ƙara sun wadatar. Idan na miƙe na sauka daga gefen alƙali na ce na ga tsohon tushe, rantsuwa ta bar kan Baba ta koma kan Inna Silifat, ita kuwa a kan gaskiya za ta rantse. Baba zai tsira. Amma zai rasa rijiya, zai ji kunya a gaban duk Fagge, kuma a bakin yaron da ya kira ɗansa a tsakiyar kasuwa. Kin fi ni sanin Baba. Kina ganin zai sake barin inuwata ta gifta ƙofar zaurenku?

Saboda haka nake roƙonki, ya hasken gidana da ban gina ba tukuna, ya furen lemon da ƙamshinsa yake riga shi isowa. Ki yi masa magana kafin Juma'a. Ke ce 'yar da yake alfahari da ita, ke kaɗai yake yarda ki karanta masa takardunsa. Ki same shi bayan ya ci abinci, ki yi masa da yarenku, wanda yake sauko masa da zuciya. Kada ki ce ƙarya ya yi. Ki ce masa sulhu ya fi, a buɗe ƙofa a katanga gida biyu su sha ruwa, alƙali zai karɓa da murna, babu wanda zai ji kunya. Ke da kike lallashin 'ya'yan mutane kullum, ki lallasar mini mutum ɗaya, don Allah, don Annabi.

Idan ya ƙi, to ki ji daga bakina tun yanzu, kada ki ji a bakin 'yan unguwa: ba zan buɗe masa Littafin ba. Zan miƙe. Zan faɗi abin da idona ya gani. Idan kika ji ya shigo gida ranar Juma'a yana tsine wa sunana, kada ki kare ni, kada ki yi kuka a gabansa. Ki ɗauko masa tabarma, ki bar shi ya zage ni son ransa. Gara ya rayu ya tsufa yana ƙina, ya hana ni ke da bakin da bai rantse a kan ƙarya ba.

Ni dai ba ni da wata bayanki, ba zan kuma nema ba, ko Dabo ya dawo daga Sudan ya tarar da ni da furfura.

Naki, ko an ba ni ko an hana ni,
Mala