Akwatin da kaza ke kwana ciki

Daren Juma'a, garin Suki

Kafaɗuna na ciwo, amma dariya ta hana ni barci.

Yau na fara zuwa hafla, wato shagalin biki, da ƴar na'urar nan wadda nake takawa ta ba jita muryar babban amfilifaya. Ba ta fi tafin hannu ba. Inna Hajja, uwar amarya, na ganina da ƴar jaka ta tare ƙofa: "Ya zol, bawan Allah, ina babban akwatin? Bikin ɗiyata za ka raina?" Ta ce ko akwati, ko a kira wani makaɗi.

Na koma gida da keken jaki, na kori kazar da ke kwana cikin amfilifayana da ya ƙone tun damina, na kawo shi na girke gaban mutane. Ko waya ban sa mishi ba. Na'urar na haɗa da lasifikan hafla.

Mata sun yi rawa har ƙura ta tashi. Da aka watse, Inna ta shafa akwatin: "Ka gani? Tsohon abu ba ya ƙarya."

Na ce, "Gaskiyarki, Inna." Ƙwai ɗaya na ciki, bai ko fashe ba.