A Bar Uwata Ta Taɓa Rubutun Mahaifinta

Zuwa ga Shugaban ɗakin karatun shari'a da ke Samaru,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kai da iyali kuna lafiya, ina yi maka barka da hutu. Sunana Rahila, haifaffiyar Sabon Gari, malamar firamare a Dogarawa. Ba ka san ni ba, amma ma'aikatanka sun gaji da ganina. Ni ce matar nan da ke zama bakin taga a ɗakin tsofaffin kundaye duk ranar Asabar, wadda Malam Audu mai kula da ɗakin yake tsokana da lauya marar riga. Na rubuto a fili ne domin takarduna biyu sun shiga ofishinka, babu wadda ta fito da amsa.

Na farko, abin da ya kawo ni wurinku. Kakana Bulus tafinta ne a kotu, zamanin da jirgin ƙasa ya tara mutane a Sabon Gari kowa da harshensa. Ya rasu mahaifiyata tana goye. Ba a bar mata hotonsa ba, kabarinsa ma gidaje sun hau kai. Shekara biyu na yi ina buɗe kundayen shari'o'in wancan lokaci ina nemansa. Na karanta rigimar maƙwabta a kan reshen mangwaron da ya tsallake katanga, da ƙarar matar da akuya ta cinye wa shanya. Idan na daɗe a kai, fanka na juyawa a hankali, ƙamshin tsohuwar takarda ya cika ɗakin, sai in ji kamar kukan jirgi daga nesa. Sai in ga kakana tsaye tsakanin alƙali da mai ƙara, yana karɓar magana daga bakin wannan yana miƙa wa kunnen wancan. Bayan damina ta ɗauke na same shi, a ƙasan wani shafi, ya sa hannu da alƙalaminsa. Rubutun ya karkata hagu kamar nawa. Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Na biyu, dokarku ta hana fita da kundin, ta hana ɗaukar hotonsa. Ban ja da wannan ba, takarda ce mai rauni. Na kwafe shafin da hannuna, na karanta wa Mama ta waya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce: "Rubutunki ai na san shi, Rahila. Nasa nake so in ɗora hannu a kai." Idonta ya yi rauni, da tafin hannu take gane abubuwa yanzu. A ƙauye take, ba ta zuwa Zariya sai da Kirsimeti, lokacin da ƙanena ke dawowa da mota ya ɗauko ta, kuma washegarin sabuwar shekara yake mayar da ita.

Na uku, kuma a nan raina ya ɓaci. Jajibirin Kirsimeti muka zo. Mama ta ɗaura sabon zanen da aka ɗinka mata don zuwa coci, ta sa na zuba shinkafa da kaza a kwano, domin a wurinmu abincin biki uba ake fara kai wa, kuma ba a zuwa gaishe shi hannu rabbana. Muka tarar da kwaɗo a ƙofa, da 'yar takarda cewa an rufe sai sati na biyu na Janairu. Asabar ɗin da ta gabata ina ciki har aka tashi, ba wanda ya ce mini uffan. Na san ɗalibai sun tafi gida, amma ranka ya daɗe, ba mai jarrabawa kaɗai ke da dangi a cikin kundayen nan ba. Mama ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa wa maigadi kwanon, ta tambaye ni wace ce tagar da nake zama bakinta, ta zauna a dakali tana fuskantarta har rana ta juya.

Roƙona bai da yawa. A ba mu awa ɗaya, kowace rana ce, kafin ta koma. Malam Audu yana nan kusa a unguwar Zabi, ya ce da izininka zai zo ya buɗe. Nan gaba kuma a ware ko yini ɗaya a cikin hutu saboda irinmu, waɗanda danginsu ba sa zuwa gari sai lokacin biki.

Mama ta haura tamanin, kuma da bakinta ta ce ba ta jin za ta sake wannan tafiyar. Tun ranar da na gaya mata maiƙo yana ɓata tsohuwar takarda ta daina shafa mai a hannu. Duk sanyin nan, yatsunta sun tsattsage, na yi magiya ta ƙi. Ta ce kada a buɗe ƙofa a same ta ba ta shirya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya ja kwanan iyayenka idan suna raye, ya jiƙansu idan sun riga mu.

Wassalam.

Rahila, jikar tafinta,
Sabon Gari, Zariya.