Masu Haura Katangar Kawu Zakari

Dogon Dutsi, Talata

Zuwa ga Zalihatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin tashi lafiya, ke da baƙuwarmu. Yaya jiki, yaya ruwan zafi? Ki gaishe mini da Inna da mutanen Ɗan Kassari. Tunda rezon salula ya ƙi garinku, ga takarda ta hannun Issa direba.

Ni lafiya lau, sai dai na jawo mana magana. Kin san shafin wiki da na buɗe wa zuriyarmu ta Tibiri, inda kowane gida ke rubuta tarihinsa. To, shafin ya yi tsawo har ya fi igiyar rijiyar garinku. Kawu Zakari ne a sama, da yake shi ne babba, kuma kin san Kawu. Ya faro daga kakan kakansa, bai tsaya ba sai da ya kawo rasuwar jakinsa. Mai neman gidansu sai ya yi ta jan yatsa har ya gaji.

Sai na ƙara wa shafin wata dabara. A da, in ka rubuta suna cikin baka biyu, wani shafi daban kawai yake kai ka. Yanzu in ka sa wa sunan alamar diyez, irin wadda muke latsawa wajen sa kati a salula, taɓawa ɗaya sai ka dira kan gidan da kake so a cikin shafin. Na jera sunayen gidaje a sama, ina ta jin kaina.

Labari ya kai wa Kawu. Ya aiko cewa na koya wa dangi haura katanga: mutum bai yi sallama a zaure ba, bai gaida mai gida ba, sai a gan shi a ƙuryar ɗaki. Ya ce ba zai zo suna ba.

Zalihatu, hankalina ya tashi. Tun rasuwar mahaifiyata shi ya riƙe ni, ba ni da wanda zai raɗa wa 'yarmu suna in ba shi ba. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Mijinki,
Is'haƙa

Dogon Dutsi, Alhamis

Zalihatu,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. An ce yarinya ta ɗauko hancina, ki ba ta haƙuri.

Na yi niyyar cire dabarar nan a huta. Kafin in taɓa, Gwaggo Ajuma ta kira ni. Ta ce tunda aka buɗe shafin ba ta taɓa ganin gidansu ba sai yanzu, kullum a wajen jaki barci ke ɗauke ta. In na cire, in nemi mai tuƙa tuwon suna. Kin ga ke nan, ko a yi suna ba tuwo, ko a yi tuwo ba suna.

Gobe zan hau moto in je Tibiri. Ki taya ni addu'a.

Naki,
Is'haƙa

Tibiri, Juma'a

Zalihatu tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki zauna da kyau kafin ki karanta wannan.

Na yi sallama a zaure har muryata ta dushe kafin Kawu ya amsa. Ya ce ashe na san ƙofa. Na durƙusa, ya karɓe salulata don ya nuna mini ɓarnar da na yi da idona. Yana cikin faɗa yana nuni, babban yatsansa ya sauka kan sunan ƙanwarsa, mahaifiyata. Shafi ya yi tsalle zuwa can ƙasa, sai ga hotonta tana dariya a bakin rumbu.

Ashe Kawu bai taɓa sanin akwai hoton ba. Kullum nasa tarihin yake karantawa, in ya kai ƙarshe ya gyaɗa kai ya rufe. Ya daɗe yana kallon hoton, yana share ido da bakin rawani, yana cewa hayaƙin kicin ne, alhali ba a hura wuta ba. Ni ma hayaƙin ya same ni. Can ya ce in maida shi sama ya sake taɓawa. Ya yi ta haura katangar nan har batir ya mutu.

Amma Kawu ba ya faɗuwa ƙasa haka kawai. Ya yanke hukunci cewa wanda ya shigo ta katanga dole ya fita ta ƙofa. Don haka a ƙarƙashin kowane gida na sa wani wurin taɓawa mai maida mutum sama, an rubuta: Koma ka gaida Kawu. Ƙarƙashin hoton mahaifiyata ne kawai ya ce kada in sa, wanda ya je can a bar shi ya zauna.

Ki gaya wa Inna muna tafe tare da shi, da Gwaggo da muciyarta. Ya riga ya zaɓi sunan, kuma kin san ba zan iya rubuta shi ba, balle in kira. Ki fara saba mata da Ummi.

Mijinki mai kewarku,
Is'haƙa