Munduwa Mai Tabon Hannuna

Kakuri, Kaduna
Yuni 2000

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar Baba? Nathan yana zuwa makaranta kuwa? Ni lafiyata ƙalau, har mun koma aiki a masaƙa, kada ki sa komai a ranki.

Ga munduwa nan na ba Dauda direba ya kawo miki. Ba ta kwalliya ba ce. Raunin da na samu a hannu a rikicin Fabrairu ya ɗan fi yadda na gaya miki, amma ya warke. Na kai hannun wurin wani maƙerin azurfa a unguwar Nasarawa, ya zana tabon daidai a jikin munduwar, har inda ya lanƙwashe.

Kin tuna Naomi da muke ɗaki ɗaya? Uwarta ta zaga asibitoci da hotonta na Kirsimeti, ta kasa gane gawarta. Har yanzu ko tayar mota ce ta fashe sai mu zuba a guje.

Ki ɓoye munduwar a akwatinki. Ba abin da zai faru, da yardar Ubangiji. Amma in aka taɓa aiko muku a kaina, ki taho da ita. Hannun hagu ne, Mama.

'Yarki,
Jemimah