Takardar da Na Jefa a Butar Shayi

Huddersfield, 9 ga Disamba, 1971

Zuwa ga Neville, hasken idona, ranar da ke leƙo mana bayan mako uku ana ruwa,

Ka yi haƙuri da rubutun. Kai ne ɗumin murhu ga wanda ya shigo daga sanyi, kai ne furen farko da ke tsaga ƙasa idan hunturu ya wuce! Wa ya koya wa muryarka sauka a zuciya kamar dusar ƙanƙara a kan tudu, ba ƙara, ba sallama?

Ka tuna shekaranjiya a ɗakin kiɗa na makaranta? Wata biyu kuna gardamar sunan da za ku sa wa ƙungiyarku ta barkwanci, tun da shirin barkwancin nan na talabijin ya shiga kanku, har shugaban makaranta ya ce ranar Juma'a zai kai takardar sanarwar wasan da za ku yi a buga, da suna ko babu. Sai kowannenku ya rubuta nasa ya jefa a tsohuwar butar shayi. Ina lungu ina ɗinke rigar tsohuwa da za ka saka, tunda ku mazan ne ke fitowa a matsayin mata. Ka zura hannu ka karanto: "Agwagwar Anti Mavis Ta Ci Zaɓe." Dariya har ka zame daga kujera! Abokinka Clive ya ce, "Wane mahaukaci ne wannan?" Ka ce, "Ko wane ne, ya fi ka kai, ƙaton banza."

Neville, ni ce. Na jefa takardar lokacin da kuka fita neman biskit.

Na san dokarku: ɗan ƙungiya kaɗai ke sa hannu a buta, kuma ba ku ɗaukar 'yan mata. Shi ya sa nake faɗa maka yau, tun akwai damar soke sunan. Kwana biyu ke nan ina tafiya kamar a gajimare. Ina ganin sunan ya fito a talabijin da fararen haruffa, naka a ƙarƙashinsa, mahaifiyata ta tsaya cak da farantin shayi. Amma ina amfanin dariyarka idan ba ka san ni na jawo ta ba? Na fi son in rasa sunan da in ci gaba da ɓoye maka!

Kada ka ba ni amsa da baki, kunya za ta kashe ni. Na sa koren ɗankwalina a aljihun rigar tsohuwar. Ranar wasan, idan ka fito da shi a kanka, na gane. Idan ba ka ɗaura ba, zan tafa maka duk da haka daga layi na uku, har tafin hannuna ya yi ja.

Taka ce ni, har ranar da tumaki za su ƙare a tuddan Yorkshire,

Hilary