Ƙullin Ƙasar Fadama

Zuwa ga Baban Nafisa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ba za ka amsa ba. Na san ba mai kai maka wagga takarda, ba kuwa za ka karanta ta ba, amma cikina ya gaji da riƙon magana.

Na fita takaba makon jiya. Gulbi ya cika bana har ya ci gonakin mutanen Kende, amma shinkafarka ta fadama ta tsira, ƙanenka Sanusi ya yanke ta. Ɗiyarka Nafisa ta daina tambayar ranar dawowarka. Babur ɗinka yana zaure, ba wanda ya taɓa shi.

Mako shida suka ce, kwas ɗin noman shinkafa a Luwiziyana, can Amurka. Mako shida, Malam! Kai da ko Birnin Kebbi ba ka iya kwana biyu ba ka kira kana ƙorafin tuwonsu ba. Sai ga shi ranakun hutu ana ɗibar ku a mota ana zagaya tsofaffin garuruwan mutanen da ka ce Kajun ake kiransu, kana ta turo mini saƙon murya. Ka ce tsofaffinsu Faransanci suke ji kamar 'yan tsallaken iyaka, har ka gwada musu ɗan wanda ka tsinta a kasuwar Lolo, suka yi ta dariya. Ka ce ruwa ko'ina, ga kwale-kwale, ga kada. An yi muku kiɗa da goge da wani abu da ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙera, ka rantse in ka rufe ido sai ka ce bikin Dendawa ne. Ranar da aka kai ku gidajen masu gonakin rake, ka ga bukkokin katako da aka zuba bayi a can baya, muryarka ta sauya. Ka ce ka kasa cin abincin rana.

Ga laifina. Ka turo hoton miyar kuɓewarsu da shinkafa da jatan lande, ka ce ta fi tawa. Tsokana ce, na sani sarai. Amma ni da baƙar zuciyata na ɗau fushi, kwana biyu ban amsa maka ba. A na uku abokin tafiyarka ya kira Sanusi, ya ce ka faɗi a bakin mota, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Wace irin mace ce ke gaba da mijinta a kan miya? Ka yafe mini. Ina sonka, kunya ce ta hana ni faɗa shekara goma sha ɗaya.

Amma abin da ke ci na ya fi wannan. Kai da bakinka ka ce a wasu garuruwan can ba a iya haƙa kabari, ruwa ke tasowa, sai a gina wa mamaci ɗan ɗaki a bisa ƙasa. Inna, mahaifiyarka, tana gefena lokacin da na kunna saƙon, ta yi a'uziyya. Yanzu kullum bayan sallar asuba sai ta tambaye ni ko an sa ɗanta a ƙasa, ko kuncinsa ya taɓa ta, ko ya fuskanci alƙibla. Nakan ce mata e. Malam, wallahi ban sani ba. Abokin naka ya ce Musulmi sun wanke ka, sun sallace ka. Da Sanusi ya matsa masa kan batun ƙasa, sai ya ce dokar can daban ce, mu yi haƙuri. Tun ranar ba ya ɗaukar waya. Ina kake kwance? Cikin akwati? Cikin ɗakin siminti? Wa zan tambaya?

Inna ta sa aka kai ta fadamarka, da idanun nan nata da ba su gani sosai. Ta durƙusa ta ɗebi ƙasa da hannunta, ta ƙulle a ɗankwalinta, ta ba ni ta ce in nemi mai tafiya a zuba maka. Ranar kasuwa na hau babur ɗin haya har Lolo. Na bi direbobin da ke tsallaka iyaka zuwa Malanbil ɗaya bayan ɗaya. Mai kirkin cikinsu ya ce iyakarsa Kwatano, daga nan sai teku. Washegari na je ofishinku, wani abokin aikinka ya sunkuyar da kai ya ce ko da mai tafiya, ba a barin ƙasa ta shiga can, a filin jirgi za a zubar da ita.

Na dawo na iske Inna a bakin ƙofa tana sauraron takuna. Na ce mata an samu mai kaiwa, ƙullin ya tafi. Ta ɗaga hannu ta yi godiya ga Allah, ranar ta cinye tuwonta tas, karo na farko tun rasuwarka. Ƙullin yana nan a ƙasan akwatina, ƙarƙashin rigarka. Jiya ta ce in lissafa mata ko ya isa yanzu. Na ce ya kusa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka ko ina yake. Sai mun zo.

Taka,
Maman Nafisa, daga Bagudo